'Yar Mai Gem Na Hannu

Masu karatu, kafin kowa ya ce ni ce mai laifi ko shi ne, ku bari in fara kai ku shagonmu. Idan ba ku san shagon nan ba, ba za ku gane abin da ya hana ni sukuni a 'yan kwanakin nan ba.

Ɗan ƙarami ne, yana tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Gem muke sayarwa, irin na faifai da ake sakawa a na'ura a haɗa da talabijin. Bangon dama na sababbi ne, suna cikin ledarsu suna ta ƙyalli, amma ba su ke ciyar da mu ba. Rufin asirinmu yana bangon hagu, wajen na hannu. Mutum ya buga nasa ya ƙoshi, ya kawo mu saya, mu goge, mu gwada, mu sayar wa wani da sauƙi. Da wannan bangon Baba ya yi mana makaranta ni da Yaya. Tun da idonsa ya fara hazo ni ce a bayan kanta, amma ba ya fashin zuwa. Zai zauna a kujerarsa kusa da fanka, da ɗan ƙyalle mai laushi a hannu, yana goge faifai yana ɗan rera wani kiɗa a hanci.

A nan na haɗu da wanda na sa wa suna Mai Ƙorafi a wayata.

Ranar Baba ya je ganin likitan ido, ni kaɗai ce. Sai ga wani dogo ya shigo, hannun rigarsa ɗaya a naɗe ɗaya a sake, ƙafar gilashinsa an ɗaure ta da salatif. Bangon hagu ya nufa kai tsaye, ya zaro wani kwali da duk ya sha hannu. Gem ɗin akuya ne. Ba harbi a ciki, ba tsere. Wata tsohuwa ce akuyarta ta ɓata a birni, kai kuma ka taya ta nema unguwa-unguwa, kana jin labarin mutanen da kuke gamuwa da su. Na sha ganin ƙattin samari sun zo mayar da shi suna cewa wai ƙura ce ta shigar musu ido.

Ya tambaye ni sau nawa muka sayar da wannan faifan. Na ce ba na lissafi, shi dai ba ya daɗewa a waje yake dawowa, kamar yana kewar gida.

Ya ce, "Ni na yi shi."

Na kwashe da dariya. Bai yi ba. Ya juya bayan kwalin ya nuna min ɗan hoton mutum uku a ƙasa, na tsakiyar da wannan gilashin nasa. Ni dai na so ƙasa ta tsage.

Daga nan gardama ta ɓarke. Shi ya ce su uku suka shafe shekaru suna aikin nan, wanda ya fara saya ne kaɗai ya biya su, daga nan faifai ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, mai shago na ci, su ko ƙamshi ba sa ji. Ni na ce wanda ya sayi abu da kuɗinsa nasa ne, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya bayar kyauta. Na ce rabin masu sayen sababbi a wajenmu sai sun sayar da tsohon da ke hannunsu sannan suke iya cikawa. Ya ce ya ji, amma hakan bai biya musu kuɗin haya ba. Muka yi ta yi har shayina ya huce. Da zai tafi ya sayi faifan, nasa na kansa, kuma bai nemi ragi ba. Washegari ya dawo wai ya tuno wata hujja.

Kun dai san sauran. Hujja ta ƙare, zuwa bai ƙare ba. Saƙonsa na safe kullum iri ɗaya ne: "Barka da asuba, 'yar fashin faifai." Ni kuma in mayar masa: "Barka kadai, Mai Ƙorafi. Yau me muka sace maka?" Ranar da mura ta kama ni, ya aiko min da ɗan hoto mai motsi da ya yi da hannunsa, akuyar nan ce ta lulluɓa da bargo tana atishawa. Na kalle shi har caji ya kusa ƙarewa. Ba mutum ne mai daɗin baki ba. Amma idan ina magana yakan ajiye wayarsa a kife ya saurare ni, ko da zagin sana'arsa nake yi.

Umma kuwa kalma ɗaya ta ji a labarinsa, kamfani, shi ke nan ta gama yanke shawara. Na yi na yi in fahimtar da ita kamfanin ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu buga katin biki, ta ce ita dai kamfani kamfani ne. Ta fara tuna min da cewa sa'o'ina duk suna ɗakunansu, in daina jan yaron mutane da gardama kamar muna gaban alƙali. Yaya shi ne bai saki jiki ba. Duk sanda na ambace shi sai ya ce, "Hmm," ya ci gaba da danna waya.

Aka sa ranar da zai zo gaida Baba.

Tun hantsi Umma ta tayar da gidan. Aka fito da labulen falo mai ruwan zuma da ba a ratayawa sai da dalili, aka goge kofunan nan masu bakin zinari da ko taɓa su ba ma yi. Na saka doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, Umma ta ce na yi kama da mai zuwa gaisuwar rashin lafiya. Na canja zuwa shuɗiya, na yafa farin mayafi, ta zagaya ni ta gyara min kafaɗa, ta fesa min turarenta da take ɓoyewa a bayan akwati. Wayata ta yi ƙara: "Ina bakin ƙofa. Na sayi sabon gilashi saboda Baba." Na rubuta masa: "Baba ba ya gani sosai, ka yi asarar kuɗinka." Ya turo min fuskar mai kuka.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ƙi zama a kujera sai da Baba ya matsa masa. Na kawo shayi da biskit, na koma gefen Umma na zauna ina wasa da bakin mayafina. Baba ya tambaye shi iyayensa da aikinsa, ya amsa a natse. Sai Yaya ya gyara murya ya ce akwai abin da ya kamata Baba ya ji kafin magana ta yi nisa.

Wani rubutu ne da Mai Ƙorafi ya taɓa sakawa a shafinsa, tun kafin ya san ni. Yaya ya tono shi. Baba ya ce shi ido ba ya ba shi, a karanta masa. Yaya ya buɗe baki zai fara, Baba ya ɗaga hannu ya ce a'a, Auta ta karanta, wato ni.

Jama'a, ban taɓa jin nauyin waya a hannuna kamar ranar ba. Na fara karantawa. A ciki ya ce masu shagon gem na hannu guminsu suke sha. Ya ce ba su san daren da aka raba ana aiki ba, sun iya goge faifai kawai su miƙa hannu. Ya ce duk ranar da aka rufe irin waɗannan shaguna, ranar masu ƙirƙira za su numfasa. Da na zo kan "goge faifai" sai na kasa ɗaga kai, don ƙyallen Baba yana nan a aljihun rigarsa, bakinsa ya leƙo.

Umma ta harari Yaya kamar ta cinye shi.

Baba bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Ya tambaye shi ko shi ya rubuta. Ya ce shi ne, kuma kalmomin sun yi kaushi, yana neman afuwa a kansu. Baba ya ce kalmomi daban, abin da ke zuciya daban, shin har yanzu yana ganin ana cin haƙƙinsu? Na roƙi Allah a raina ya sa ya ce a'a, a wuce wurin. Mai Ƙorafi ya cire sabon gilashin ya goge, ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya a gidanka ba. Har yanzu ina ganin akwai rabonmu a ciki."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce kujerar da yake zaune a kai ta hannu ce, kuma kafintan da ya yi ta bai taɓa biyo shi ba. Mai Ƙorafi ya ce gaskiya ne, amma kujera tana tsufa, wanda ya sayi ta hannu ya san ya sayi tsohuwa. Gem kuwa na hannu da sabo abu ɗaya mutum zai gani a talabijin, don haka kowa na hannun zai ɗauka. Baba ya ce to yaran da iyayensu ba su da halin sabo fa, su kalli bango? Ya ce shi ma wannan tambayar tana hana shi barci, ba shi da amsarta. Babu wanda ya ɗaga murya. Kamar mutum biyu ne ke ɗauke da kaya ɗaya, kowa na jin nauyin ta ɓangarensa.

Sai Baba, ina jin don ya sassauta zancen, ya ce shi bai taɓa ganin gem ɗin akuyar da idonsa ba, amma ya san shi da kunne. Duk wanda ya zo saya sai an gwada masa, kiɗan ya shige masa kai. Ya ɗan rera shi a hanci, wannan dai da yake yi kullum yana goge faifai. Ya ce duk wanda ya yi kiɗan nan Allah ya yi masa baiwa.

Na ga fuskar Mai Ƙorafi ta canja. Ya ce abokinsa ne ya yi, tun suna makaranta suke tare. Baba ya ce a gaishe shi, wane kiɗan yake yi yanzu?

"Ya daina, Baba. Matarsa ta haihu, ba mu da abin biyansa. Ya sayar da kayan kiɗan ya sayi babur, yanzu kai saƙo yake yi."

Baba ya sa hannu a aljihu ya tura ƙyallen ciki. Da baƙon zai tafi ya sa masa albarka, ya ce Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, wanda kun san ba e ba ne, ba kuma a'a ba.

Tun daga ranar gidanmu ya zama wani iri. Umma ta daina yi wa Yaya magana sai ta bakina, ko gishiri take so ya miƙo mata sai ta ce in gaya wa wancan. Yaya ya same ni ina wanke kofuna ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ba ƙin sa yake yi ba, tsoro yake ji kada in auri wanda zai riƙa jin kunyar sana'ar ubana. Na so in yi masa rashin kunya, na kasa, don ni ma tambayar ta taɓa zuwar min.

A shago kuwa, Baba ya lalubo faifan akuya da ya rage a bangon hagu ya sa a aljihun tebur. Wani ya zo nema, ya ce babu. Yana goge faifai kamar kullum, amma ya daina rera komai. Sai ƙarar fanka. Ban san kiɗan nan ya zama rabin shagonmu ba sai da ya ɗauke.

Shi kuma Mai Ƙorafi, saƙon safe ya koma "Barka da asuba" kawai, babu 'yar fashi, babu akuya. Na tambaye shi lafiya, ya ce aiki ne. Na rubuta "Ina kewar ƙorafinka," na goge. Na sake rubutawa, na tura. Ya karanta, na ga alamar yana rubutu, ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke. Ba abin da ya shigo.

Jiya da la'asar na ce wa Baba zan je sayo leda, na ɗauki jakata na nufi ofishinsu. Ban taɓa zuwa ba. Matakalar ƙarfe ce a gefen shagon masu buga kati, duk warin tawada. Ɗakin bai kai falonmu ba. Tebur uku, kwamfuta biyu, bango cike da zane-zanen da aka manna da salatif. Tebur na ukun babu komai a kai sai zoben da kofi ya bari a katako. Wata mata ce ta buɗe min, da jaririya a kafaɗa da alƙalamin zane a bayan kunne. Ita ce ta ukunsu, mai zanen. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar shagon." Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma da fara'a ba. Ta ce ya fita karɓo abinci, in zauna.

Ita ta fasa min abin da yake ɓoyewa. Babban dilan da ke raba gem a shaguna ya yi musu tayi. Zai ɗauki nauyin sabon aikinsu gaba ɗaya, da albashi, har mai kiɗan ya ajiye babur ya dawo. Amma da sharaɗi. Kowane faifai zai zo da lambar da ke aiki a na'ura ɗaya tak, wanda ya saya ba zai iya sayarwa ba. Kuma da gem ɗinsu dilan zai buɗe sabon tsarinsa, duk shagon da ke son a ci gaba da ba shi sababbin kaya, sai ya sauke na hannu. Ta ce tun kafin Mai Ƙorafi ya je gidanmu takardar ke cikin jakarsa. Da can har addu'a yake yi irin wannan damar ta zo, yanzu ta zo ya kasa sa hannu, kuma dilan ya gaji da jira.

Ta gyara wa jaririyar hula ta ce, "Ban ce ki yi komai ba. Ina da 'ya, ke kina da uba. Na dai ga ya kamata ki sani."

Shagonmu ba zai rayu ba bangon hagu. Ba zai rayu ba sababbi kuma, don su ke jawo mutane su shigo. Na zauna ina kallon teburin nan da babu kowa, ina jin kiɗan Baba a kaina.

Mai Ƙorafi na shigowa ya gan ni, ledar hannunsa ta kusa faɗuwa. Ya rame. Tsohon gilashin ne a fuskarsa, mai salatif. Ya dubi mai zanen, ta ɗauke kai, ya gane. Ya jawo kujera ya zauna nesa da ni kaɗan, ya ce ya yi ta neman yadda zai gaya min ya rasa. Ya ce tun ranar da ya ji Baba na rera kiɗan nan, duk sanda ya ɗauki biro sai hannunsa ya ƙi. Idan kuma ya ajiye, sai ya tuna abokinsa a cikin rana da kwalin saƙo a baya.

Na ce, "Da ba ka san ni ba, da ka sa hannu?"

Ya ce, "Tun ranar farko."

"To ka sa."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ina faɗa hawaye suka zubo min. Ya girgiza kai ya ce ba zai shiga gidanmu da hannun da ya rufe shagon Baba ba. Na ce ni ma ba zan shiga nasa ina sane da cewa saboda ni mutum biyu suka rasa abincinsu ba. Ya miƙo min hankicinsa, ya ce a hankali, "Kin ga, yau ke ce mai ƙorafin." Na yi dariya cikin kuka, har mai zanen ta juya tana murmushi.

Sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Baƙuwar lamba ce a wajensa, amma ni ina hango ta na gane. Lambar Baba ce.

Ya miƙe tsaye ya ɗauka, har da rusunawa kamar Baba na ganinsa. Shi kuwa Baba bai yarda waya na kai magana ba sai an taimaka mata, da ƙarfi yake yi, don haka duk ɗakin muna ji. Ya ce Yaya ne ya samo masa lambar. Ya ce labarin dila ya iso kasuwa, mai gyaran waya ya gaya masa komai, har da sunan gem ɗin da za a fara da shi.

"Ka sa hannu," in ji Baba. "Ni na ci zamanina a shagon nan, ya yi min abin da zai yi min. Ka dawo da yaron nan bakin kiɗansa. In ka gama, ka turo manyanka." Ya ɗan yi tari. "Abu ɗaya na roƙe ka. Kada Auta ta san ni na ce. Tana son shagon nan fiye da yadda take nunawa, in ta ji ba za ta yarda ba. Ta fita sayo leda, shi ya sa na kira yanzu."

Na toshe bakina da mayafi. Mai zanen ta rungume 'yarta ta juya ga bango. Shi kuma ya sauke wayar daga kunne, ya rufe ta da tafin hannu, ya dube ni, idonsa ya yi ja. Da leɓe kawai ya tambaye ni, me zan ce masa?

Ta tsakanin yatsunsa muryar Baba na fitowa, ƙarama, tana nemansa.

"Alo? Ɗana, kana ji na kuwa?"